Littafin Malam Rula

Kafin ku yanke min hukunci, ku bari in kai aya. Na san a cikinku akwai masu cewa duk wadda ta leƙa littafin da ba nata ba, abin da ta gani ita ta jawo wa kanta. To ni ban leƙa ba. A hannu aka miƙo min, aka ce in karanta, har da addu'ar Allah ya ba da sa'a.

Sau biyu ina faɗuwa jarrabawar ƙarshe ta aikin ungozoma. Makarantarmu sau uku take ba mutum dama, in ya faɗi na ukun, shekarun da ya yi sun bi ruwa. Kuma ba rashin karatu ke kayar da ni ba. Litattafai goma sha ɗaya na cika da rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa, da biro kala uku. A ɗakin haihuwa hannuna ya san aikinsa, har manyan ma'aikata sukan ce a kira ni in an samu mai tsoro. Amma da zarar an ajiye min takarda an ce "ku fara", sai kaina ya zama kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

Ranar da sakamako na biyu ya fito, ina asibitin da muke koyon aiki. Na kai jinin wata mai ciki tagar ɗakin gwaji, na miƙa, sai kuka ya ƙwace min a nan tsaye. Ma'aikacin da ya karɓa bai ce min in yi haƙuri ba. Shi kaɗai ne a ranar bai ce ba. Ya fito, ya zare littafin da ke hammatata, ya buɗe, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ai ba karatu kike yi ba," ya ce. "Kwafa kike yi. Injin kwafa ya fi ki sauri, kuma shi ma bai taɓa cin jarrabawa ba."

Ya ciro 'yar rula daga aljihun farar rigarsa. A sabon shafi ya ja layi daga sama zuwa ƙasa, ya bar siririn fili a hagu da faffaɗa a dama. Ya sake jan wani a kwance, kamar faɗin yatsu huɗu daga ƙarshen takardar.

"A faffaɗan nan kike rubuta abin da aka koya miki, a taƙaice, da bakinki, ba da bakin littafi ba. In kin koma gida, a siririn nan ki rubuta tambayar da kowane bayani yake amsawa. A ƙasa kuma, layi biyu ko uku, ki faɗi abin da shafin gaba ɗaya yake nufi. In ba ki iya faɗa a layi uku ba, ba ki gane ba."

"Shi ke nan?"

"Saura babban. In za ki yi bita, ki rufe daman da kati tun kafin idonki ya sauka a kai. Ido ɓarawo ne, yana sato amsa ya ce miki kin sani. Ki karanta tambaya, ki amsa da ka, sannan ki ja katin ki ga ko gaskiya kika faɗa."

Wata takwas ke nan da wannan rana. Daga tagar ɗakin gwaji ya koma falonmu, duk Asabar bayan la'asar, da izinin Umma. Ƙanwata Auta ce ta sa masa Malam Rula, don ta ce ko shayi aka ba shi sai ya daidaita kofin da gefen tebur. Shi kuma yana kirana Ungozoma, tun ban zama ba. A wata na uku ya durƙusa gaban Umma ya ce in na gama jarrabawa manyansa za su zo. Umma ta juya fuska ta share ido da bakin mayafi. Tun rasuwar Baba ban ga ta yi kukan daɗi ba sai ranar.

Ku riƙe wannan ma: Auta tana da nata manemin, shekara biyu yana jira, don Umma ta rantse ƙanwa ba za ta riga yayarta fita daga gidan nan ba. Kun ga ke nan ba ni kaɗai nake ɗauke da jarrabawar ba. Mu uku ne a kan takarda ɗaya.

Asabar ɗin ƙarshe, saura kwana biyar, na sa doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin zare a wuya, wadda ya taɓa cewa ta yi kama da ta likitoci. Na yafa mayafi ruwan hoda, na ɗiga turare kaɗan a wuyan hannu. Ya zo da jakarsa ta kullum, ya zauna a kujerar da ke kusa da taga, ya karɓi littafina ya shiga jefo min tambayoyi.

"Alamomin hawan jini mai haɗari ga mai ciki?"

Na jero su.

"Kin bar ɗaya."

"Ban bari ba. Ka ƙirga da kyau, Malam."

Ya duba, ya yi murmushi. Auta da ke guga a ƙofar ɗaki ta ce, "Kai, yau an kayar da Rula! Yaya, don Allah ki riƙa ragwanta masa, kada ya fasa."

"Ba a fasa irin wannan," in ji Umma daga kicin. "Ke dai ki kula kada ki ƙona min zane."

Da zai tafi ya buɗe jaka ya ce ya haɗa min tambayoyin cututtukan jini, tunda fanninsa ne. Litattafansa duk iri ɗaya ne, baƙar bango, dozin yake saye, lamba kawai yake sa musu a gefe da fensir. Ya zaro ɗaya ya ba ni yana amsa wayar wurin aiki da ɗayan hannun.

"Gobe da safe ki fara da shi. Allah ya ba da sa'a, Ungozoma."

Washegari bayan mun karya, na shimfiɗa darduma a ɗakinmu inda haske ke shigowa. Na buɗe littafin inda ya buɗe da kansa, na ɗora katina a kan dama ba tare da na kalla ba. Wata takwas yana horar da hannuna a kan haka, hannun kuwa ya koya. Da ban koya da kyau ba, da idona ya faɗa kan shafin gaba ɗaya, in gane ba nawa ba ne, wataƙila in rufe. Amma ni ɗalibar kirki ce. Na karanta siririn hagu, layi bayan layi.

Me na sani tabbas?

So ne ko tausayi?

Wa zai cutu?

Idan ta faɗi?

Idan ta ci?

Ku yi min dariya in kuna so: sai da na amsa da ka, yadda aka koya min. Har murmushi na yi. Na ce a raina, wannan bawan Allah har soyayya sai ya ja mata layi. Ta biyun na amsa da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki. Na ce so ne mana.

Sannan na ja katin ƙasa kaɗan.

"Tana da kirki. Ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Mahaifiyarta tana kirana ɗana. Tun ranar Juma'a nake jin nauyin Asabar a ƙirjina."

Na sake ja.

"Tana kuka na same ta. Da tana dariya na same ta, da na fito daga bayan tagar? Ban sani ba." Ya soke kalmomi ukun ƙarshe da layi ɗaya miƙaƙƙe, ya rubuta a gefe: "Na sani."

Na sake ja.

"Ita. Mahaifiyarta. Ƙanwarta. In na yi shiru kuma, ita, iya tsawon rai."

A nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba.

Gaban "Idan ta faɗi" ya rubuta: "Ba a sakin hannun wanda ke ƙasa. In turo manya yadda na yi alkawari. In riƙe ta da amana. Kada ta taɓa sani."

Gaban "Idan ta ci" kuma: "Tana da aiki, tana da ƙafar tsayawa. In gaya mata bayan sakamako ya fito. Za ta ji zafi, amma za ta warke."

A ƙasan layin kwance, inda ake taƙaita shafi, bai ma cika layi ukun ba. "Dole ta ci. In ƙara mata awa ɗaya duk Asabar."

Na duba kwanan watan da ke sama. Wata biyu da suka wuce. Na tuna Asabar ɗin da ya fara kaiwa har magariba, Umma ta taɓa ni da gwiwar hannu a kicin tana raɗa, "Kin gani? Ya fara kasa tafiya."

'Yan uwa, na binciki littafin nan daga bango zuwa bango ina neman mace. Wallahi da na same ta da na ji sauƙi. Da akwai wata, da na san abin da zan yi da kaina: in tsane ta, in ce ta fi ni fari ko ta fi ni baki, in kira ƙawata mu zage ta. Babu kowa. Akwai shafi a kan ciwon ƙafar mahaifinsa, akwai shafi a kan ko ya koma karatu. Ni ce kawai a shafina, an ja min layi, an taƙaita ni.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wayata ta yi ƙara. Saƙonsa ne.

"Ungozoma, lamba nawa ce a gefen littafin da na ba ki?"

Kafin in taɓa komai wani saƙon ya shigo.

"Na ga kamar na yi kuskure. Na aikin ɗakin gwaji ne, ba zai amfane ki ba. Kada ki ɓata lokacinki a kai."

Sai na uku: "Kin fara?"

Na daɗe ina kallon kalmomi biyun nan. Ya rubuta cewa ban taɓa yi masa ƙarya ba, kuma gaskiya ya rubuta. Na danna: "Ban buɗe ba tukuna, da ciwon kai na tashi."

"Sannu. Ki sha ruwa da yawa. Ga ni nan zuwa in canza miki."

Ko minti arba'in ba a yi ba na ji tsayuwar babur ɗinsa. Bai shigo ba. A bakin ƙofa muka yi musaya, yana haki, maɓallin rigarsa na sama a ramin da ba nasa ba. Mutumin da ke daidaita kofi da gefen tebur. Ya kalli idona ya ce sun kumbura. Na ce ciwon kan ne. Ya ce in rage karatun rana, in riƙa hutawa minti goma duk bayan awa. Na ce to.

Da yamma Gwaggo ta zo, yayar Baba, wadda tun rasuwarsa ta naɗa kanta shugabar gidanmu ba tare da an yi zaɓe ba. Ta zauna ta baje, ta cire takalmi, ta karɓi shayi.

"Ke, zo nan. Na ji an ce Alhamis ce. To ki buɗe kunne. Yaron nan ya wahala a kanki, namiji ba ya zaman koyar da mace wata takwas don Allah kawai. Ki ci, ki fitar da mu kunya, ya ga wahalarsa ba ta tafi a banza ba. In kika sake faɗuwa, ni dai ba ruwana, kada ki ga laifinsa in ya sulale."

"To, Gwaggo."

"Mai haƙuri shi ke dafa dutse."

"Har ya sha romonsa," Umma ta ƙarasa mata.

Ni tun ina yarinya nake jin wannan magana, kuma har yau ban ga wanda ya zo ya ba da labarin ɗanɗanon romon ba. Na sunkuyar da kai kawai. Gwaggo ta juya lissafin, ba ta sani ba. In na ci ne zai sulale. In na faɗi, manyansa za su zo da manyan riguna, Umma ta sake kukan daɗi, Auta ta samu hanya. Kuma wa zai zargi wadda ta faɗi sau biyu in ta faɗi na uku? Ko alƙalami ba sai na ajiye ba. In bar tambaya biyu, in karkace a ɗaya, shi ke nan.

Kada ku ce ban yi tunanin ba. Kwana huɗu na yi ina juya shi kamar mai gasa nama.

Ranar Talata na samu Umma tana tsince shinkafa a tire. Na zauna kusa da ita na sa hannu.

"Umma, tausayi yana riƙe aure?"

Ba ta ɗago ba. "Me kuma ya kawo wannan?"

"Wata ce a ajinmu."

"Ki ce wa ta ajinku ta gode wa Allah. So turare ne, ana fesawa ya tashi. Tausayi shi ne sabulu, da shi ake wanka kullum." Ta jefar da wata tsakuwa. "Babanku da ya aure ni, maraicina ya gani. Shekara ashirin da shida bai taɓa ɗaga min murya ba."

"Kin ji daɗi?"

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Sannan ta ce, "Bai taɓa ɗaga min murya ba, na ce miki. Tashi ki je ki yi karatunki."

Na tashi. A ɗaki na tarar da Auta a kan gadona tana duba hotunan yadin biki a waya. Ta juyo min da fuskar wayar.

"Wannan ko wannan? Ni na ce ruwan zuma zai fi karɓarki, ke da ba ki da hasken kirki."

"Sauka min daga gado, marar kunya."

Ta sauka, amma ba ta fita ba. Ta tsaya tana murza gefen labule. Da ta yi magana, babu wasan a muryarta.

"Yaya, jiya mai nemana ya ce min mahaifiyarsa ta fara nuna masa wasu 'yan mata. Ya ce shi ba zai kalla ba, amma ta fara." Ta saki labulen. "Don Allah ki ci. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Na ce mata in sha Allahu. Me kuke so in ce?

Abin da ya fi ba ni haushi, karatun yana shiga. Ina kuka ina rufe dama da kati, ina amsawa, ina jan katin, amsar tana fitowa daidai. Littafin da ya canza min ɗin ma na gama shi tas. Kowane shafi ya tsara shi da kulawa, inda ya san ina rikicewa ya sa alama da jan biro. Mutum bai taɓa wahala haka don ya rabu da wani ba.

Alhamis na sa farar rigar makaranta da na goge tun Laraba, da farin ɗankwali. Umma ta dafa kaina ta yi addu'a. Saƙonsa ya shigo ina cikin mota: "Ki karanta kowace tambaya sau biyu. Zan jira ki a bakin ƙofa."

Zauren jarrabawar dogo ne, fanka uku, ɗaya ba ta juyawa. Aka raba takardu a kife. Aka ce mu fara. Na juya tawa.

Tambayar farko: mace ta haihu minti ashirin da suka wuce, jini ya ƙi tsayawa, ke kaɗai ce a ɗakin. Faɗi abin da za ki yi, bi da bi.

Na sani. Wannan karon ɗakin kaina cike yake, kowane abu a mazauninsa. Na ajiye biron a kan tebur na naɗe hannu. Ta gefena har ta juya shafi. Agogon bango ya ci minti bakwai. Mai sa ido, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta tsaya a kaina ta ce a hankali, "'Yata, lafiya?"

Na ɗaga mata kai. Na sake karanta tambayar, karo na biyu. Sai na ga matar. Ban san ta ba, ba ta ma wanzu ba, wani malami ne ya ƙirƙire ta a ofis. Amma na ga tafin ƙafarta ya fara fari, na ga tana kallona, ni kuma na naɗe hannu ina lissafin wanda zai aure ni. Ban san lokacin da na ɗauki biron ba. Na kira taimako. Na ɗora hannu a mararta na murza mahaifar har ta tsuke. Na yi mata allura, na sa mata ruwa, na duba ko wani abu ya rage a ciki, na duba ko ta yage. Hawaye yana ɗiga a gefen takardar ina gogewa da hannun riga don kada tawada ta baje. Daga ita na wuce ta biyu. Ban ɗago ba sai da aka ce a ajiye alƙalami.

Yana nan inda ya ce, a inuwar katanga, da robar ruwa mai sanyi a hannu. Ya ɗauki hutun rabin yini saboda ni. Da ya hango ni ya taho da sauri har yana tuntuɓe.

"Yaya? Ungozoma, yaya?"

"Na amsa duka. Babu wadda na bari, babu wadda nake shakka."

Ya rufe ido. Ya sauke wani dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauko kamar wanda aka sauke wa buhu. "Alhamdu lillahi," ya ce, ya sake cewa, har sau uku. Wata takwas ina kallon fuskar nan, ban taɓa ganin ta yi kyau irin na wannan lokacin ba. Ɗalibai suna wucewa suna kallonmu, wata 'yar ajinmu ta ɗaga min gira tana murmushi, irin na "kin dace".

Ya buɗe robar ya miƙo min. Na karɓa na sha, don ƙishirwa nake ji da gaske. Na mayar da murfin na ɗaure.

"Malam," na ce, "sakamako sai nan da sati shida. Ni kuma na gaji da jira. Ba sai ya fito ba. Na ci. Faɗi abin da ka ce za ka faɗa in na ci."

Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, rabinsa ya maƙale a fuskarsa. Ya kalli jakarsa, ya kalle ni.

"Kin ce ba ki buɗe ba."

"Kai ma ka ce na ɗakin gwaji ne."

Wayata ta fara ruri a cikin jaka. Na san Umma ce, na san Auta tana manne da kafaɗarta tana jira. Na bar ta tana yi. Na gyara tsayuwa a inuwar katangar, na ce masa ina saurare.